Abin sosa kunne mai kamara da na saya: wata biyu muna tare, ga inda muka kwana

Tun ranar da na ɗora hoton cikin kunnena a sitatus mutane suke ta damuna da tambaya, wai a ina na sayi abin nan, nawa ne, yana da kyau kuwa? Har wani abokina da ke Damagaram ya kira ni wai in saya masa in ba direba ya kai masa. Ni kuma ina ta cewa ku dakata tukuna in gama gwada shi. To na gama gwadawa, gwajin ma har asibiti ya kai ni, don haka bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya in huta da amsa tambaya ɗaya kullum.

Da farko dai ku san da wa kuke magana. Ni tela ne a nan Kano, kuma tsohon ɗan sosa kunne ne, ba yau na fara ba. A wajen kakata na koya, Allah ya jiƙanta, ita gashin kaza take samu ta fige shi tas ta bar ɗan tukku a kai, ta zauna a tabarma bayan la'asar ta zura tana murzawa da yatsu biyu tana lumshe ido, mu kuma yara muna kallo muna jin kamar ba abin da ya kai wannan daɗi a duniya. Daga nan na ɗauka. Tsinken ashana, tsinken tsintsiya, murfin biro lokacin muna makaranta, makullin mashin idan danja ta tsayar da mu, kibiyar tsifar madam idan ta manta ta a kan madubi, a shago kuwa ba na ma rasawa, sai in naɗe ɗan ƙyallen atamfa a bakin tsinke in ci gaba da harkata kwastoma na tsaye yana min bayanin ɗinki. Da na ɗan waye sai na koma auduga mai tsinke ɗin nan, kotin bod, gwangwani ɗaya ba ya min sati uku. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, akwai wani waje da idan tsinken ya taɓa sai ka ji har tafin ƙafa, wani lokacin har tari yake sa ni.

To ina cikin kallon TikTok da daddare sai ga tallan abin nan. Wani ya zura shi a kunne, ga cikin kunnen tar a sikirin ɗin waya, yana ɗebo dauɗa kamar mai kwasar tuwo. Na ce kai, abin nema ya samu. Domin dama abin da ake ta tsorata mu da shi shi ne kana zura abu ba ka ganin inda kake zurawa, to ga wanda za ka gani da idonka, kenan magana ta ƙare. Washegari na yi oda wajen wata mai sayar da kaya a intanet, N12,000 har da kuɗin kawowa, bayan kwana biyu yaron dilibari ya kawo min har shago.

Bari in yi masa adalci in fara da yadda yake. Tsawonsa kamar biro mai ɗan kauri, ba nauyi, a bakinsa akwai kamara ƙarama da fitilu zagaye da ita, sai wani ɗan cokali na ƙarfe da ake sa masa hular roba mai laushi. A cikin kwalin an sako hulunan roba guda huɗu, wayar caji irin ta wayoyin yanzu, da wata takarda da Turancinta ma sai a hankali. Za ka sauke manhajarsa a waya, ka kunna shi, ka haɗa shi da wayar ta wayifai. Haɗawar ce ta ɗan ba ni wahala, sai da yaron shagona ya karɓa ya ce Oga kawo, minti biyu ya gama. Abu ɗaya da ban so ba tun farko, idan ka haɗa shi da wayar data ɗinka ba ta aiki, ko saƙon WhatsApp ba zai shigo ba sai ka cire, kuma manhajar tana neman izinin shiga hotunanka, wanda ban ga dalili ba sai daga baya na gane don ajiye bidiyo ne. Batir kam ba laifi, caji ɗaya yana min kwanaki.

Hoton kuwa gaskiya yana fita. Ba zan yi ƙarya ba. Ba dai kamar na tallan ba, amma za ka ga gashin bakin kunne ɗaya bayan ɗaya, ka ga fatar ciki ja-ja, ka ga dauɗar a manne a gefe kalar zuma, in ka ƙara turawa ka hango wani abu can ƙarshe mai ɗan sheƙi ruwan toka kamar ledar da aka ja ta ɗame, wato dodon kunne kenan. Ranar farko na fi minti ashirin ina kallo kawai ina subhanallahi, shekara talatin da wani abu ina yawo da wannan rami ban taɓa leƙa shi ba. Madam ta zo ta leƙa sikirin ta ce a'uzubillahi Abban Ummi wannan duk a kunnenka yake? Na ce ai shi ya sa na sayo, yau za a yi shara.

A nan matsalar farko take, kuma ba wanda zai faɗa maka a talla. Kamarar tana ƙara wa komai girma. Ɗan ɓurɓushin da bai kai ƙwayar gero ba sai ka gan shi a waya ya cika rabin sikirin kamar dutsen Dala, hankalinka ya tashi ka ce lallai sai na fitar da wannan. Ka sha fama ka fito da shi ka duba bakin cokalin, wallahi da ƙyar za ka gan shi da ido. Amma ka riga ka gani a waya, zuciyarka ba za ta bar ka ka kwanta ba.

Na biyu, ba ka gane zurfi. Hoto ne shimfiɗaɗɗe, ba ka sanin tsakanin bakin cokalin da dodon kunnen saura nawa. Ga shi hannunka yana yin dama hoton yana yin hagu, ka ɗan juya abin a hannunka gaba ɗaya hoton ya kife, sama ta koma ƙasa. Kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin motsin hannunka da abin da wayar take nunawa, ba shi da yawa, ƙiftawar ido ne, amma a cikin ramin da gaba ɗayansa bai wuce santimita 2 da rabi ba ƙiftawar ido ai tafiya ce mai nisa. Sai kuma gilashin kamarar, da ya taɓa dauɗa sau ɗaya shi kenan ya yi dishi-dishi, sai ka fito ka goge ka sake komawa, kuma mutum idan ya gaji da fitowa sai ya ci gaba a haka yana lalube, wato an dawo gidan jiya, kana zura ƙarfe a kunne ba ka gani. Fitilar ma tana ɗaukar ɗumi idan ka jima. Hular robar nan kuwa ba ta kama cokalin sosai, sau biyu ina fito da shi in ga ta zame ta kusa cirewa, na yi ta tunanin da a ciki ta zauna fa?

Amma duk waɗannan ƙananan laifuka ne. Babban abin da abin nan ya yi min shi ne ya mayar da susar kunne ta zama min aiki. Da can sai kunnen ya yi ƙaiƙayi nake sosawa. Yanzu kuwa ko bai yi komai ba sai in ce bari in duba in gani. Bayan asuba in duba, in dawo daga shago in duba, kafin in kwanta in duba. Kuma duk lokacin da ka duba sai ka ga wani abu, in babu dauɗa akwai ɗan ɓawon fata, in babu ɓawo akwai wani waje da ya yi ja wanda kai ne ma ka jawo jan jiya. Cikin sati uku na kankare kunnuwan nan tas, suna ƙyalli, ina alfahari har da sitatus ɗin da kuka gani. Abin mamaki, tun da suka yi tas ɗin ƙaiƙayin ya ninka. Cikin dare sai in farka in ji kamar tururuwa na yawo a ciki. Me zan yi? In ɗauko abin in ƙara sosawa mana. Hajiya ta zo mana kwana biyu ta gan ni a falo na karkace kai ina kallon waya da ƙarfe a kunne, ta ce kai wai lafiyarka kuwa, kunnen nan gado ka ba shi ne da kake ta bincikensa haka? Ka bar shi ya huta. Na ce Hajiya ai wannan na zamani ne, ana gani. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Ranar da abin ya faru wata Juma'a ce da daddare, cikin damina, an yini ba wuta. Ina zaune a bakin gado na zura shi a kunnen dama ina bin wani ɗan baƙin abu da na hango can ciki, na ma riƙe numfashi don kar hannuna ya motsa, kawai sai aka kawo wuta. Yaran unguwa suka ɗauki ihu, Ummi ta taso da gudu daga tsakar gida za ta kunna talabijin ta bangaji gwiwar hannuna. Wallahi ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Wani zafi ya soke ni har cikin haƙori, idona ya kawo ruwa, na zaro abin na ga jini a jikin robar. Yarinya ta tsaya tana kallona ta fashe da kuka, ni ma na rasa wa zan lallasa, ita ko kaina. Da na ɗan natsu na goge kamarar na sake leƙawa, ku ji fa, na sake zurawa, don in ga ɓarnar da aka yi, ban ga komai ba sai ja.

Na ce zai warke da kansa. Kwana biyu ba laifi, na uku kunne ya fara nauyi kamar an toshe da auduga, in na yi magana sai in ji muryata tana dawo min a cikin kai. Na huɗu ko taɓa fatar kunnen aka yi sai na zabura, tauna ma wahala, ɓangaren dama ba na iya kwanciya a kai. Na je kemis ɗin unguwa na yi bayani, yaron bai ko leƙa kunnen ba ya miƙo min maganin ɗigawa ya ce sau uku a rana. Na yi ta ɗigawa har kwana goma sha. Zafin ya ɗan sauka amma ƙaiƙayi ya zama wani iri, ga wani ruwa-ruwa mai ɗan wari da nake tashi da shi a jikin matashi, ga wata ƙara siririya wiiii da ba ta tsayawa, musamman in dare ya yi shiru. A shago kwastoma zai ce a yi masa aljihu biyu in ji wuya biyu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Madam ce ta gaji ta ce Abban Ummi don girman Allah gobe ka tafi asibiti, kar garin gyaran gira a rasa ido.

Na je wani asibitin gwamnati da ke da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ba zan ɓoye ba, layi akwai shi, na fita tun bakwai na yanki kati ban ga likita ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Amma zaman layin ma makaranta ne. Kusa da ni wata mata ce riƙe da yaro ɗan shekara huɗu, wai ƙwayar wake ya tura a kunne, su kuma a gida suka yi ta zuba ruwa don ya fito, waken ya sha ruwa ya kumbura ya cika ramin, suka koma ƙwaƙula da fin ɗin ɗankwali har kunnen ya fara jini. Nas ɗin da ke kiran suna ta yi mata faɗa sosai, ta ce Hajiya wake ko masara in ya shiga kunne ba a sa masa ruwa, ba a kuma bin sa da tsinke, kawo shi ake yi a cire cikin minti biyar, yanzu ga shi kun mai da ƙaramin aiki babba. Ta juyo gare mu ta ƙara da cewa wanda ma ya fi haɗari shi ne ɗan batirin agogo mai kama da maɓalli, shi in yaro ya tura ko awa ɗaya kar a jira don yana ƙona nama.

Da na shiga, likitar mace ce, ba ta da yawan magana da farko. Ta ɗauko abin duba kunne mai fitila ta leƙa na hagu, ta leƙa na dama, ta ce Malam da me kake sosa kunne? Na ɗan yi jim, sai na ciro abin daga aljihu don na taho da shi, ina tunanin ma za ta yaba. Ta karɓa ta jujjuya shi ta yi murmushi ta ce kai ne na uku da ya kawo min irin wannan. Sai ta fara min bayani tana aiki, kuma daga nan ne na san abubuwan da da na san su tun farko da N12,000 ɗina tana aljihuna.

Ta ce abin da muke kira dauɗar kunne ba dauɗa ba ce, kunnen ne da kansa yake yin ta don ya kare kansa. Maiƙo ne da ke hana fatar ciki bushewa, yana hana ruwa zama, yana kama ƙura da ƙananan ƙwari, kuma yana da ɗan tsami-tsami da ƙwayoyin cuta ba sa so. A kashi ɗaya cikin uku na bakin ramin kawai ake yin ta, can ciki kuwa fata ce siririya shimfiɗe a kan ƙashi, ba tsoka ba kitse, shi ya sa ɗan taɓawa kaɗan sai zafi da jini. Kuma fatar ramin tana tafiya da kanta a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da tsohuwar dauɗar, motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana taimaka mata har ta iso baki ta bushe ta faɗi. Wato kunne yana da mai shararsa. Kai kuma da ka zura kotin bod, ɗan abin da ya manne a audugar shi kake gani ka ji daɗi, sauran kuwa ka danna shi ciki ne kamar mai ɗura bindigar toka, ya je inda ba ya iya fitowa ya taru ya taurare. Baƙin abin da nake bi a daren Juma'ar nan, ashe tsohuwar dauɗa ce da ni da kaina na tura tun zamanin kotin bod.

Game da ƙaiƙayi kuwa ta ce zagaye ne. Ka kankare maiƙon, fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ka sosa, ka yi mata ƙananan raunukan da ido ba ya gani, ta ƙara ƙaiƙayi, ka ƙara sosawa. Ta raunukan nan ƙwayoyin cuta suke shiga ramin ya kumbura. Ni nawa har da funfuna, irin wadda take fitowa a jikin burodin da ya kwana biyu, ta ce ga ta nan fari-fari da ɗigon baƙi kamar an barbaɗa barkono, damina ce ga zafi ga laima, ga kuma maganin kemis da na yi ta ɗigawa ba ƙa'ida, wanda na ƙwayoyin bakteriya ne ba na funfuna ba, ya kashe waɗancan ya bar wa funfunar fili. Na tambaye ta tarin da nake yi in ina sosawa, ta ce wata jijiya ce da ta ratsa ta ramin kunne take da alaƙa da maƙogwaro, wasu mutane suna da wannan, ba ciwo ba ne.

Abin da ya fi sanyaya min jiki shi ne da ta ce na yi sa'a, cokalin bangon ramin ya yanka, saura ƙiris ya sami dodon kunnen. Ta ce kaurin dodon nan kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, bai kai takardar littafi kirki ba, kuma a bayansa akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3 da suke kai sauti ciki, ɗaya daga cikinsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. In dodon ya fashe sau da yawa yana haɗewa da kansa cikin makonni, amma wani ba ya haɗewa sai an yi aiki, in kuwa tsinke ya wuce ya taɓa ƙasusuwan nan ana iya samun jiri da raunin ji na dindindin. Kuma wai in dodon a fashe yake akwai magungunan ɗigawa da bai kamata su shiga ba sam don suna iya lalata jin gaba ɗaya, ni kuwa na kwashe kwana goma sha ina ɗiga abin da ba wanda ya leƙa kunnen kafin ya ba ni. Ta tambaye ni ko ina da ciwon suga na ce a'a, ta ce alhamdulillahi, don masu suga da tsofaffi irin wannan ciwon yana iya cin su har ƙashi.

Aikin da ta yi bai fi minti goma sha biyar ba. Wani siririn bututu ne mai zuƙa, ƙararsa a cikin kunne kamar injin markaɗe, ba daɗi amma ba zafi can-can. Tana zuƙowa tana nuna min a jikin auduga, funfuna, mugunya, sai wani dunƙulen baƙi mai tauri, har da zaren auduga da ban san tun yaushe yake ciki ba. Tana gamawa na ji ƙarar fankar ofishin ta shigo min kai tsaye, ashe na manta yadda fanka take ƙara. Ta rubuta min maganin ɗigawa na funfuna, ta ce kar ruwa ya shiga har sai na dawo, in zan yi wanka in shafa basilin a auduga in toshe bakin kunnen, alwala kuwa shafa ce da ɗanyen yatsa a fatar waje ba a ce ka ɗura ruwa ba. Na ce to likita in ya yi ƙaiƙayi fa? Ta ce ka danna ɗan tudun naman da ke gaban ramin ka murza daga waje, in wanka ka yi ka goge iya inda yatsanka da tawul suka kai. In kuma wata rana ka ji ya toshe da dauɗa, matuƙar dodon lafiya yake ba ciwo ba ruwa, ɗigon man zaitun na 'yan kwanaki yana tausasa ta, in bai buɗe ba ka zo mu wanke. Duka-duka kati da aiki da magani abin da na kashe bai kai kuɗin na'urar ba, wannan ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

A dararen da ƙarar nan ta hana ni barci na yi ta karance-karance a waya, na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Shi kansa kotin bod ɗin, wani mutum mai suna Leo Gerstenzang ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1923, kuma shahararren kamfaninsa Q-tips yana rubutawa a jikin kwalinsa cewa kar a zura shi cikin ramin kunne. Masu abin ma sun ce kar ka sa, mu kuma mun ce mun fi su sani. Na kuma ga wani bincike na Amurka da ya ce tsakanin 1990 da 2010 yara sama da 263,000 aka kai sashen gaggawa saboda raunin kunne daga kotin bod, yawanci garin goge kunne. Can da suke da likitoci a ko'ina kenan. Mu nan likitan kunne sai manyan asibitoci, ga dai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da aka kafa tun 1999, amma wanda ke ƙauye in ya fasa dodon kunne da tsinken tsintsiya sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga wanda zai leƙa masa. Har ranar ji ta duniya akwai, 3 ga Maris, ni duk shekarun nan ban taɓa sani ba.

To a sayi abin ko kar a saya? In don kallo ne kawai, a cire cokalin, a tsaya a bakin rami a leƙa, misali yaro ya ce wani abu ya shiga kunnensa kana so ka tabbatar kafin ku tafi asibiti, to kamarar tana aiki, ban ce ba ta yi ba. Amma ni na san halina kuma na san halin irina, ba wanda zai ga dauɗa ƙatuwa a sikirin ga cokali a hannunsa ya ce a'a na bar ta. Masu yara kuwa ban ba ku shawarar ku ajiye shi inda za su gani ba, don na kama Ummi sau ɗaya ta ɗauko shi tana nufin kunnen ƙaninta wai za ta yi masa irin na Abba, ranar jikina har rawa ya yi. In maki zan ba shi cikin biyar, kamara ta ci uku, batir ya ci huɗu, cokalin da hularsa ba su ci ko ɗaya ba. Abokina na Damagaram, ka yi haƙuri, ba zan ba direba ba, in kuɗin ne suka dame ka turo in ɗinka maka jamfa.

Yau sati biyar rabona da sa komai a kunne. Satin farko na sha wuya, hannuna da kansa yake tafiya aljihu neman makulli, sai da na cire makullin mashin daga aljihun riga na mayar na wando. Na koma wajen likitar sau biyu, ta sake zuƙe sauran funfunar, a zuwa na biyu ta ce ya warke. Ƙarar ta ragu sosai, sai can ba a rasa ba in dare ya tsala. Ƙaiƙayin ma ya kwanta da kansa wajen sati na uku, abin da na yi shekaru ina yaƙa da tsinke. Gwangwanin kotin bod ɗin da ya rage madam ta karɓe tana gyaran kwalliya da shi.

Na'urar kuwa tana shago a cikin durowar zare. Shekaranjiya allura ta karye a keken ɗinki guntun ya faɗa can ƙasan wajen kwarkwaro, muka yi ta haska tocilan waya ba mu gan shi ba, sai yarona ya ce Oga ina abin kunnen nan? Muka kunna muka zura, ga guntun allurar nan tar a sikirin ya maƙale a bayan wani sukuru, ya sa hantsaki ya ciro.